Speedtest na Ookla: a duba ƙananan lambobin

Yawancin masu buɗe Speedtest, manhajar auna saurin intanet ta kamfanin Ookla, babbar lambar saurin saukewa kawai suke kallo. Amma abin da ke sa kira ta intanet ya riƙa yankewa yana cikin ƙananan lambobin da ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Wadda aka rubuta Ping a kanta lokacin zuwa da dawowa ne tsakanin na'urarka da sabar gwaji, wato kwamfutar da ke amsa maka daga can nesa. Nisa ke fara yanke hukunci a nan. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya cikin wayar faiba, don haka sabar da ke nisan kilomita 1,000 ba za ta amsa ƙasa da milisakan 10 ba, komai kyawun layinka. Ta tauraron ɗan adam mai tsayuwa a kilomita 35,786 kuwa, sai kusan 480 ko fiye. Ƙa'idar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta ce magana tana tafiya lafiya idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba.

Jitter kuma hawa da saukar wannan jinkirin ne. Layin da ya tsaya a 80 ya fi wanda ke tsalle tsakanin 20 da 200 daɗin kira, domin guntayen murya da suka makara zubar da su ake yi.

Inda Speedtest ya fi burge ni shi ne auna jinkiri yayin saukewa da yayin ɗorawa, abin da aka ƙara a 2022. Idan Ping ɗinka 25 ne amma ya haura 400 lokacin ɗorawa, bayanai ne suka yi cunkoso suna jiran layi a rauta ko modem, wato na'urorin da ke haɗa ka da intanet. Ƙarin megabit ba lallai ya magance shi ba. A rautar da ke da SQM, wato tsarin daidaita layin jiran bayanai, kunna shi, ka taƙaita saurin zuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ka auna.

Aibinsa babba shi ne yana zaɓar saba ta kusa da kai, wani lokaci ma ta kamfanin da ke ba ka intanet, sai lambar ta yi kyau fiye da gaskiyar amfani. Canja saba da hannunka zuwa ƙasar da kake yawan kira. Yi gwajin da kebul maimakon Wi-Fi, safe da dare, kuma ka sani yana cin data sosai a layi mai sauri.