Madubin hangen nesa mai lamba 8x42: na jarraba shi a kan kuregen bishiya

Na sayi wannan madubin hangen nesa a wani shago da ke Adum, tsakiyar Kumasi, bayan mai shagon ya hana ni ɗaukar wanda ya fi shi ƙarfi. Ya ce mini, "Malam, in dai kurmi za ka shiga, mai 8 ya fi maka, domin mai 10 yana rage faɗin abin da ido ke gani." Lambar 8x42 tana nufin yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 42 ne, wanda shi ke tara haske a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa.

Dajin Bobiri na kai shi, kusa da Kubease a kan hanyar Accra. Yawancin baƙi malam-buɗe-littafi ke kai su can, ni kuwa kuregen bishiya na je nema, wanda ya sha bamban da kuregen gonar gyaɗa da muka sani a arewa, mai kwana a rami.

A nan madubin ya biya kuɗinsa. Na hango wani yana saukowa daga itacen kwakwar manja, kansa yana duban ƙasa, kuma da ido kawai da sai in ce sulalowa yake yi. Da na kara madubin sai na ga ƙafafunsa na baya sun juya gaba ɗaya suna fuskantar sama, faratan sun kafe a jikin itacen kamar ƙugiya, domin idon sawunsa yana iya juyawa kusan digiri 180. Ya tsaya a haka, ya riƙe ƙwallon kwakwa da ƙafafun gaba yana gurgura da haƙoran nan nasa da ba sa daina tsiro. Jim kaɗan wata inuwa ta gifta ta sama, sai ya shiga kaɗa wutsiya da sauri yana ƙara, wato yana sanar da 'yan'uwansa akwai haɗari. Har gashin wutsiyar na ga ya tashi, duk da duhun wurin.

Amma da ya yi tsalle zuwa wani reshe, madubin ya ba ni kunya. Wutsiyar ce ke daidaita jikinsa a cikin iska, kuma wannan ne na fi son gani, sai dai abin murzawar da ke gyara gani yana da tauri ƙwarai. Kafin in murza shi, kurege ya shige ganye. Sau uku hakan ta faru. Igiyar ratayawa ma siririya ce, tana cin wuya.

Na koma shagon na faɗa masa. Ya sauya mini igiya kyauta, ya ce taurin zai saki da amfani. Mako biyu ke nan, bai saki ba tukuna.