Bororon ƙuna: me ya kamata a saya a kemis?

Da hunturu ya shigo, ƙuna takan yawaita a gidaje: ruwan wanka mai zafi, kaskon jin ɗumi, man suya. Kafin a tafi kemis, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. Kada a fasa bororon, domin fatar nan ita ce murfin ciwon. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da manja kuwa, a bar su inda suke.

Idan ƙunar ƙarama ce, ni dai Vaseline zalla, marar turare, zan saya, tare da bandeji mai maiƙo irin Jelonet. Suna hana wurin bushewa, kuma ba sa manne wa ciwo ranar canji. Auduga fa? Duk wanda aka taɓa ɓamɓare masa ita daga ƙuna ba zai so a maimaita ba.

Dermazin, wani man shafawa na ƙuna, shi masu kemis suka fi miƙowa. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yakan jinkirta warkewar ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Akwai sinadarin salfa a cikinsa, don haka wanda Septrin ko Fansidar ke yi wa illa ya kauce masa; haka mai tsohon ciki da jaririn da bai kai wata 2 ba. GV (gentian violet), maganin nan mai rina fata da ake shafa wa ciwo, yana da araha, sai dai launinsa yana rufe ciwon har likita ya kasa gane zurfinsa. Zuma tana da amfani, amma ta asibiti da aka tsabtace, ba ta kwalbar tasha ba.

Maganar tabo sai fata ta haɗe. Ƙunar da ta warke cikin mako 2 ba kasafai take barin tabo mai tudu ba. Wadda ta haura mako 3 ita ce abin tsoro, musamman a baƙar fata. Nan ne silikon, na shafawa ko na mannawa, ya cancanci tsadarsa, muddin za a jure sa shi aƙalla awa 12 kullum har wata 2 zuwa 3. Man kaɗanya yana tausasa fata, ya rage ƙaiƙayi, amma ba ya kwantar da tudu. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki kafin a biya.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko ta ƙaramin yaro, ko wadda ta fara mugunya da zazzaɓi, asibiti za a nufa da ita kai tsaye.