Gargaɗi kan mai tallan ƙaramin jirgin ƙasa na lambu a Facebook

Naira dubu 480. Ban da dubu 65 na wai kuɗin kwastam da na ƙara masa daga baya. Tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba.

Kada wani ya ce min garaje na yi. Kusan shekara biyu ina bibiyar harkar nan ta ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ake shimfiɗa wa layi a lambu. Kakana ya yi aiki a siririn layin dogon nan na Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya yi jigilar kuza har aka rufe shi a 1957. Ni dai burina in shimfiɗa ɗan samfurinsa a bayan gida, ya zagaye bishiyar lemo ya dawo ta gindin zogale.

Mutumin ya ce a Ingila yake, mahaifinsa ya rasu ya bar kan jirgi ɗaya, taragai huɗu da layi. Na gwada shi fa! Na tambayi faɗin layin, ya ce milimita 45, ƙirar LGB (wani sanannen tambarin irin waɗannan jirage), ma'auni 1:22.5, wato an rage girman ainihin jirgi sau 22.5. Na ce damina fa? Ya ce dogon tagulla ne, ba ya tsatsa, sai dai in riƙa goge samansa don wuta ta bi. Har ya ja min kunne cewa kwanar santimita 60 ta yi wa dogayen taragai kaɗan. Duk gaskiya ne. Wa zai ji wannan ya kawo damfara a ransa?

Da ya turo lambar asusu sai na ga sunan wani daban. Na yi magana, ya ce na ƙanin matarsa ne a Legas. Ina zaune a kan tabarma bayan la'asar, yatsana a kan waya, na yi jim. Sai ya rubuto: "Alhaji, wani ya taya, amma kai na fi so ka samu saboda kakanka." Na tura. Dubu 480.

Ko kafin nan ma, a'a, bayan bidiyon da ya turo min ne, na sa an kawo tsakuwa, birkila ya ɗaura min 'yar gada. Bidiyon jirgin yana gudu tsakanin furanni, ashe na wani ne a YouTube, ɗana ya gano shi cikin minti goma, bayan mutumin ya toshe lambata. Dubu 65 ɗin kuwa ana gobe zai toshe ni ya karɓa, ni da kaina na ce masa Allah ya saka da alheri.

Hotunan hirarmu da shaidar banki suna nan, zan ɗora su in na rufe lambobina.

In za ku saya, ku ce ya kira ku ta bidiyo ya ɗaga kan jirgin a hannu. In sunan asusu ya bambanta, ku bar shi.

Uwargida ba ta ce min uffan ba. Jiya dai na ga ta shanya kuɓewa a kan gadar.