Wane littafin tarihin ɗan ƙwallo ya cancanci kuɗinka?

Kusan duk ɗan ƙwallon da ya yi suna a Turai yana da littafin tarihin rayuwarsa a kasuwa, kuma da yadda littafin waje ya yi tsada yanzu, ba kowa ne zai iya sayen biyu a lokaci guda ba. Idan ɗaya za ka saya, ka nemi Back from the Brink na Paul McGrath, wanda ya fito a 2006.

Na san yawancin matasan da ke cika gidajen kallo ba su taɓa jin sunansa ba. An haife shi a Landan a 1959, mahaifiyarsa 'yar Ireland, mahaifinsa ɗan Najeriya ne da bai tsaya ya raine shi ba. A gidajen marayu na Dublin ya tashi, yaro baƙar fata a garin da da wuya ka ga irinsa. Ya shiga Manchester United a 1982, ya ci kofin FA da su a 1985, sannan kocin ƙungiyar, Alex Ferguson, ya gaji da shaye-shayensa da ciwon gwiwarsa ya sayar da shi ga Aston Villa a 1989. A can, da gwiwoyin da ko atisaye ba sa barinsa ya yi sosai, 'yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara a 1993. Mai tsaron baya fa! A gasar cin kofin duniya ta 1994 shi ne ya hana tauraron Italiya Roberto Baggio sakat ranar da Ireland ta ci Italiya ɗaya da nema.

Amma ba kofuna ne suka sa nake son littafin ba. Mutumin bai ɓoye komai ba. Ya faɗi yadda kunya da jin cewa shi ba kowa ba ne suka kai shi ga giya, yadda yake ɓacewa daga sansanin ƙungiya a yi ta nemansa, yadda ya shiga fili da maye a jikinsa, da yadda aurensa ya mutu. Akwai wurin da ya bayyana cewa ya yi yunƙurin kashe kansa, bayan 'yan kwanaki kuma ya buga wasa da ƙyallen gumi a wuyan hannu don ya rufe raunin, 'yan kallo suna tafi ba su san komai ba. Ɗan jaridar da ya taya shi rubutawa, Vincent Hogan, ya kuma bai wa mutanen da suka zauna da shi dama su yi magana a ciki, don haka ba bakin mutum ɗaya kake ji ba. Ba littafin yara ba ne, kuma ba na nishaɗi ba ne. Mai neman dariya ya wuce gaba.

Mai bi masa shi ne I Am Zlatan, tarihin ɗan wasan Sweden Zlatan Ibrahimović, wanda ya fara fitowa da yaren Sweden a 2011. Yana da daɗin karatu: unguwar Rosengård a Malmö, satar kekuna, firijin gidan babansa da babu abinci a ciki, sai rigimarsa da kocinsa Guardiola a Barcelona. Sai dai ka sani, marubucin David Lagercrantz ya fito a 2015 ya ce ba kalaman Zlatan ya kwafa kai tsaye ba, shi ya tsara su yadda za su yi kama da muryarsa. Ni hakan bai hana ni jin daɗinsa ba, amma kada ka ɗauko jimla daga ciki ka je majalisa kana rantsuwa cewa daga bakin Zlatan ta fito.

Roy Keane, tsohon kyaftin ɗin Manchester United, yana da biyu. Na 2002 shi ne wanda bayaninsa kan ƙetar da ya yi wa Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling, ya jawo masa dakatarwar wasa 5 da tarar fam 150,000. Na 2014, The Second Half, ya fi natsuwa da ban dariya, shi zan zaɓa. Commitment na Didier Drogba, 2015, yana da labarin da ya shafe mu 'yan Afirka, musamman ranar da ƙasarsa Kodebuwa ta ci Sudan a 2005 suka samu gurbin kofin duniya, 'yan wasan suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai a Kodebuwa. Labarin babba ne, rubutun kuma ya cika ladabi, ba ya son ɓata wa kowa.

Sauran ba sai na ja ba. Na Wenger, tsohon kocin Arsenal, na 2020, 'yan Arsenal su yi haƙuri, salam yake kamar miyar da ba a sa wa gishiri ba. Na Ferguson na 1999 ya fi na 2013 nesa ba kusa ba. Na Rooney na 2006 kuwa, yaro ɗan shekara 20 wane tarihi gare shi?

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne ya fi ci mini rai. Na taɓa yin odar littafi wajen wani mai tallar littattafai a intanet, hoton bangon tsaf, da ya iso sai na tarar bugun sata ne: takardar shara-shara har rubutun baya na leƙowa, hotunan tsakiya sun koma baƙi ƙirin ba ka gane fuskar kowa, wasu shafuka an maimaita su, wasu babu su sam. Na kira, ya ce haka kamfani ya buga. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na ga bidiyon littafin a buɗe. Ka ce a nuna maka shafin farko mai ɗauke da sunan kamfanin ɗab'i da shekarar bugu, a nuna maka hotunan tsakiya, don a littafin asali suna kan takarda mai sheƙi, a kuma buɗe shi sosai ka ga ko gam ɗin gindin zai saki. A shago kuwa, ka bi lambobin shafi da yatsa a wurare biyu ko uku kafin ka sa hannu a aljihu.

Akwai wata cutar da ta fi wannan wayo: ƙananan littattafai masu hoton tauraro a bango da sunan marubucin da babu wanda ya san shi, an kwaso abin da ke Wikipedia an liƙa, wasu ma na'ura ce ta rubuta. Shafi kaɗan, manyan baƙaƙe, babu hira da kowa. Idan wani ya ce maka yana da littafin da Messi ya rubuta da kansa, riƙe kuɗinka. Sanannen littafi a kansa shi ne na ɗan jarida Guillem Balagué na 2013, kuma sunan Balagué ne a bango. Masu sayar da PDF a WhatsApp su ma haka, sau da yawa rabin littafi za a turo maka, ko wani daban da aka canza wa suna.

Na McGrath ya tsufa, da wuya ka same shi sabo a shagunanmu. Ka leƙa wajen masu gwanjon littattafai, ko ka sa wani mai dawowa daga Ingila ya riƙo maka na hannu mai bango mai laushi. Ya fi araha, kuma masu bugun sata ba su cika damuwa da shi ba tunda ba sunan da ke ja musu kasuwa ba ne.