Ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi: ɓarɓashin tagulla ɗaya ya hana shi numfashi

Ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi da ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali don mutum ya haɗa da kansa, mai gudu a kan dogo mai faɗin milimita 45, wanda ake hura wa wuta da gas, shi ne 'yan uwa ke ta tambaya a nan Damagaram ko ya ci kuɗinsa.  Ƙarfensa dai ba shi da makusa. Gefuna biyu na gindin, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafu da tukunya, sun zo a miƙe, ramukansu sun yi daidai da juna, bakin sandar ƙafafu kuma mai kusurwa huɗu ne, don haka ƙafar dama da ta hagu suna zama da ratar digiri 90 da kansu, babu awo. Tukunyar tururin ta jan ƙarfe ce, an riga an liƙe ta da azurfa, ga takardar gwajinta a ciki. Har zuwa nan babu abin cewa sai sambarka.

Inda abin ya ɓaci shi ne gwajin iska. Ƙa'ida ce kafin a ɗora tukunya a ɗaga gindin a kan katako biyu, ƙafafu na reto, a sa wa ko'ina mai, a haɗa tiyo daga kwamfiresa irin ta masu faci, a ba shi iska bar ɗaya zuwa ɗaya da rabi (bar ma'aunin ƙarfin iska ne). Silinda biyu ne, kowane fistin ana tura shi gaba ana tura shi baya, saboda haka duk zagaye ɗaya na ƙafa dole a ji huci huɗu a jere, kamar dakan mata biyu a turmi ɗaya. Wannan uku yake yi, na huɗun sai ya shaƙe, ƙafa ta cije a wuri guda, sai an taɓa ta da yatsa ta wuce. Gaba haka, baya ma haka.

Littafin da ya zo da shi abu biyu kawai ya sani: ko saitin bawul ne, wato ƙarfen da ke buɗe wa tururi hanyar shiga silinda yana rufewa, ko sandunan ƙafafu sun ɗaure. Duka biyun kuwa suna kama da wannan cuta, shi ya sa mutum zai ɓata mako biyu yana bin inuwa. An cire sandar fistin an gangara gindin a kan gilashi, ya tafi sumul, ashe ba ƙafafu ba ne. An buɗe murfin akwatin bawul ana juya ƙafa a hankali ana kallo, ana matsa notin saitin bawul ɗin rabin zagaye, a rufe, a gwada, a sake buɗewa. Kafar tururi ta gaba da ta baya suna buɗewa daidai wa daida, kowace tana fara leƙowa lokacin da fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa, amma huci na huɗu bai dawo ba.

Laifin yana can cikin silindar hagu. Daga kowace kafa akwai wata 'yar hanya da aka huda a karkace zuwa bakin silinda, faɗinta bai wuce tsinken ashana ba. A cikin ta baya akwai murɗaɗɗen ɓarɓashin tagulla da abin huji ya bari, ya naɗe kamar gashin buzuzu, ya toshe fiye da rabinta. Ta wannan hanya ɗaya iska ke shiga, ta nan kuma take fita. To in ta toshe, turin ya yi rauni, sannan in fistin ya dawo sai ya matse iskar da ta rasa mafita, hannu ya ji kamar ƙarfe ne ya cije. Wallahi abin ya ƙona mini rai, domin silindar a haɗe ta zo, an rubuta cewa ba sai an buɗe ta ba. Wanda ya huda ramin da ya busa masa iska daƙiƙa biyu da duk wannan bai faru ba.

Ga yadda za ku gane shi tun kafin ku wahala. Ku cire murafun silinda na gaba da na baya, ku zare fistin, ku sa bakin sirinji babu allura a kan kowace kafa ku tura iska, yatsa yana bakin silinda yana jin fitarta. Huɗun su fita da ƙarfi ɗaya. Wadda ta yi sanyi, a zura mata silin wayar lantarki ta jan ƙarfe daga ɓangaren silinda, a juya a hankali, a wanke da kananzir, a busa. Kada a sa allura ko wayar baƙin ƙarfe, don in ta karce fuskar da bawul ke zamewa a kai, tururi zai riƙa zurarewa, sai kuma an goge fuskar a kan gilashi da samfefa mai laushi ƙwarai.

Da aka mayar aka ba shi iska, Allah mai iko, sai ga huci huɗu cif, yana juyawa a ƙasa da bar ɗaya har ana iya ƙirga ƙafa da ido. Bayan awa biyu na gudu a iska aka ɗora tukunya, aka cika ta aka zuƙe mililita 30 don tururi ya sami wurin zama. Minti biyar zuwa shida da kunna wuta allurar ma'aunin tururi ta kai bar 2.8, bawul ɗin kariya ya tofar. Silinda mai sanyi takan tara ruwa, sai an tura shi gaba da baya da hannu ya fesar da shi ta bututun hayaƙi, daga nan ya ɗauka da kansa. Ya ja tarago huɗu sama da minti 20, gas ya ƙare ruwa bai ƙare ba, yadda ya kamata ke nan. A garin da dogo bai taɓa zuwa ba, sai wanda ya je Kano ko Nguru, ganin farin tururi na tashi da sanyin safiya ya kusa mantar da ni komai.

Amma fa ban manta ba, don buɗe-buɗen nan ya yayyaga gaskit ɗin takarda da ake sawa ƙarƙashin murfi don hana tururi zurarewa, kuma saiti ɗaya tak suka sa. Sai da aka yanko wasu daga ambulan mai ruwan ƙasa aka jiƙa da man tururi. Notunan kuma awon Ingila ne, 6BA da 8BA, ka zaga Kasuwar Dole kaf ba ka samun sifanarsu. Na 6BA kaurinsa milimita 2.8, yana kama da M3 mai kaurin milimita 3, zai shiga haƙori biyu sannan ya ci ramin. Ko guda ɗaya na rara babu, in ya faɗi a yashi ya tafi ke nan.

Littafin kuma don ƙasar sanyi aka rubuta shi. Duk gargaɗinsa a kan gas ya yi sanyi ya ƙi fita ne, mu kuwa akasin haka ke damunmu. Ƙarfin butan, gas ɗin da yake ci, a digiri 40 ya kusa ninka na digiri 20, don haka a watan Afrilu da Mayu ɗan taɓa makunni kaɗan sai wutar ta yi ƙugi ta tsallake zuwa akwatin hayaƙi, ta babbaka fenti. A buɗe shi ƙiris, a kunna a bakin bututun hayaƙi, a saurari wutar ta koma cikin tukunya da ɗan "fuf". Tankin gas ɗin jirgin kuma in ya yi zafi ba ya karɓar gas, sai an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya fi gwangwanin da ake ɗura gas daga ciki sanyi, nesa da kowace wuta. Ruwan famfo da na rijiya suna barin farin dutse a tukunya, gara ruwan sama da aka tace, ruwan batir kuwa a tabbata ba mai asid ba ne. Man mota ba ya maye gurbin man tururi mai lamba 460, tururi wanke shi yake yi, kuma 'yar kwalbar da suka sa ba ta kai wata biyu ba. Lokacin hazo, ƙura da mai suna haɗuwa su zama kamar magagari a gaɓoɓin sanduna, dole a goge a sake sa sabon mai bayan kowane gudu.

Na rubuta wa mai sayarwa da hoton ɓarɓashin a kan farar takarda kusa da tsinken ashana, na roƙi gaskit saiti ɗaya da noti goma. Amsar da ta zo ita ce in sake duba saitin bawul.