Gargaɗi: mai sassaƙa ƙananan motocin katako ya damfare ni

Jama'a, duk mai tara ƙananan motocin da ake sassaƙawa da katako ya yi hattara da wani mai tallan aikinsa a intanet. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi duk suna hannuna, zan sako su ku gani da idonku.

Rabin kuɗi na tura masa kafin alƙalami. Rabi cur! Kuma kada wani ya ce gaggawa na yi, na daɗe a harkar nan, na san aikin hannu. Jaguar E-Type na ce ya yi min da maɗaci, a ma'aunin 1:18, wato ainihin motar ta ninka ta sau 18 a tsawo, tsawonta kusan santimita 25. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ta farko ta 1961 kake so, mai murfin gilashi a kan fitilu, ko ta baya da aka cire mata?" Wannan tambayar ce ta kashe min jiki. Fisabilillahi, wane ɗan damfara ne ya san zancen murfin fitila? Har cewa ya yi bonet zai riƙa ɗagawa ta gaba kamar na ainihin motar. Kowa a matsayina zai yarda.

Da akwatin ya iso na ɗaga na ji shi sakayau. Roba ce, zubin inji, an shafa mata fenti ruwan ƙasa. Ga layin haɗin zubi a ƙarƙashinta, babu zanen itace ko ɗaya, bonet a manne. Fitilun ma a buɗe suke, babu murfin gilashi.

Au, kafin nan fa na riga na cika masa ɗaya rabin, don ya ce ba zai aiko ba sai an cika. A'a, kuɗin aikawa ya fara karɓa, sannan cikon. Rabi, kuɗin aikawa, rabi. Tun farko ma bidiyo ya turo min, hannu riƙe da cizal, ga samfefa, ga garin katako ko'ina. Daga baya na binciki hotunan tallansa na tarar na wani masassaƙi ne a wata ƙasa, bai ma san ana cin kasuwa da guminsa ba. Ɗan damfarar ya kuma yi min tayin Ferrari 250 GTO, wai tunda 36 kamfanin ya ƙera shi ma 36 kaɗai zai sassaƙa. Lissafin daidai ne, na duba. Mutumin ya yi karatun motoci, wallahi, murfin gilashin nan har yanzu yana min yawo a ka.

Na yi magana, ya toshe ni.

Ku sa a ɗauki bidiyon motar da sunanku a takarda kusa da ita, a juya ƙarƙashinta. Kada ku biya rabi a kan hoto. Ya buɗe sabon shafi yanzu, yana tallan Mercedes 300 SL mai ƙofofin da ke ɗagawa sama, da hotunan masassaƙin nan dai.