Neman Katin Bashi ta Intanet: Wace Kariya Ce Ta Fi Tsare Bayananka?

Fom ɗin neman katin bashi yana tattara duk abin da ɗan damfara ke nema a wuri guda: cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar shaidar ɗan ƙasa, wurin aiki da abin da kake samu. Duk wanda ya mallaki waɗannan zai iya yin sojan gona da sunanka, ya karɓi kati, ya kashe kuɗin, kai kuma sai dai ka ga takardar neman biya. Hanyoyin kariya suna da yawa, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Fara da ƙofar da za ka bi. Manhajar bankin ko shafinsa ita ce ta fi, muddin da hannunka ka rubuta adireshin, domin tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike wani lokaci shafin bogi ne da aka sauya wa harafi ɗaya. Shafukan kwatanta katuna suna da amfani wajen duba kuɗin ruwa da cajin shekara, amma ka duba kawai, ka koma wajen bankin ka cike fom. Mahaɗin da ya zo ta imel ko saƙon waya kuwa, kada ma ka taɓa shi. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce: tana nufin an ɓoye abin da kake aikawa a kan hanya, kuma shafukan damfara ma suna da ita.

Sai tsaron asusun bayan kalmar sirri. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu, sai dai idan aka yaudari kamfanin layi ya ba wani sabon sim mai lambarka, shi saƙon zai samu. Manhaja irin Google Authenticator tana fitar da lamba mai alƙaluma 6 duk daƙiƙa 30 a cikin wayar kanta, don haka satar layi ba ta shafe ta. Makullin USB irin YubiKey ya fi su duka, tunda ba ya amsa wa shafin bogi, amma ba kowane banki ke karɓarsa ba. Aƙalla ka sa wa imel ɗinka makullin, don ta nan ake sauya sauran kalmomin sirri.

Sai kuma zaɓi tsakanin sa ido a kan tarihin bashinka da kulle shi. Kamfanonin da ake biya duk wata su sa ido a kan tarihin bashinka suna sanar da kai ne bayan an riga an nemi kati da sunanka, wato ihu bayan hari. Kulle tarihin bashi kuwa yana hana mai ba da kati ganin fayil ɗin, shi kuma yawanci ba ya buɗe asusu bai gani ba. A Amurka kullewar kyauta ce tun 2018, shekara guda bayan kutsen da aka yi wa Equifax, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, ya fallasa bayanan mutum kusan miliyan 147. Dole ka kulle a manyan kamfanoni uku da ke ajiye wannan tarihi a can, wato Equifax da Experian da TransUnion, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kulle biyu ya bar ɗaya bai gama aiki ba. Ranar da za ka nemi kati, ka buɗe na ɗan lokaci, doka ta ba su awa 1 su buɗe idan ta intanet ko waya ka nema. Mutane kan manta wannan, a ƙi amincewa da buƙatarsu su rasa dalili.

Akwai na tsakiya, wato gargaɗin damfara a kan fayil. Kamfani ɗaya za ka sanar, shi zai gaya wa sauran biyun, yana kuma aiki na shekara 1. Amma umarni ne kawai cewa a tantance mai nema, ba ya rufe komai. A Birtaniya, Cifas, wata ƙungiyar yaƙi da damfara, tana da rajista mai kama da wannan, ita biya ake yi.

Kullewa ba ta kare katin da ke hannunka yanzu. Wannan sai ka kunna sanarwar kowace ma'amala a manhajar bankin. Idan kuma an amince da sabon katin amma lokacin da aka ɗiba ya wuce bai iso ba, kira bankin ta lambar da ke shafinsa, a soke shi a aiko wani.